Dami mai kati sittin da uku

Kowane malamin lakwal yana da durowar da yake tara kayan ƙwace. Tawa ta ga abubuwa a cikin shekara ashirin da ƴan kai da na yi ina riƙe da alli: danƙon harbin tsuntsu, madubin ƴan mata, reza, goriba rabin ci, har da fara mai rai a cikin kwalin ashana. A hunturun da ya wuce ta yi baƙon da ba ta taɓa yi ba, wani ƙunshin kati ɗaure da roba. Na karɓe shi daga hannun wani yaro mai zama a bencin ƙarshe a ajina na CM2, muna tsakiyar darasin rabawa. Ba zan faɗi sunansa ba, a Ƙonni kowa ya san gidan kowa.

Ban tsaya dubawa ba. Na ga kati, na ce karta ce, karta kuwa a wurinmu ƙanwar caca ce. Na sa shi durƙuso a gaban tablo har aka tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron bai roƙi in yafe masa ba, bai kuma ce kada in gaya wa ubansa ba. Da ƴan aji suka watse sai ya dawo bakin ƙofa ya ce, "Mushe, don Allah kada a cuɗa su. A jere suke."

Shekara biyu ke nan ina fama da wannan yaro, tun yana CM1. Kayensa ba kwanan wata, ba ja layi, rabin shafi lissafi rabin shafi zanen dodanni. In ka ce ya karanta jimla guda ta Faransanci sai ya yi ta inda-inda har ƴan aji su fashe da dariya. Ban taɓa ganin ya jera wani abu a duniya ba, ko takalmansa a ƙofar masallaci. To me ya jera?

Da dare na kwance robar a kan tabarma na ƙirga, kati sittin da uku. Ba kartar da na sani ba ce. Galibinsu da hoto, da suna, da taurari a sama, da rubutu ƙanana kamar na takardar magani, da lambobi biyu a ƙasa. Autana, wanda ya shiga kwaleji bana, ya leƙo ya gani, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Baba, Farin Dodo har uku!" Nan ya tona wa kansa asiri. Ashe shi ma yana da nasa ƙunshin a ƙarƙashin katifa, wata da watanni, ni da nake taƙama ba abin da ke wuce ni a gidana. Na ce to, tunda ka sani, zauna ka karantar da ni.

Sunan wasan Yu-Gi-Oh!, kuma daga Japan ya fito. Wani mai zane, Kazuki Takahashi, shi ya fara labarin a mujalla a shekarar 1996, aka mai da shi katun na talabijin, sannan kamfanin Konami ya fara buga katin na haƙiƙa a 1999. Zuwa 2011 an sayar da kati sama da biliyan 25 a duniya. Mai zanen ya rasu a teku a yankin Okinawa a watan Yulin 2022. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da makin rai 8000. Akwai katin dodo, wanda ake kai hari da shi, akwai katin sihiri mai launin kore, akwai katin tarko da ake kifewa a jira abokin wasa ya faɗa. Wanda makinsa ya fara ƙarewa an ci shi. Abin da ya bambanta shi da kartar da manya ke bugawa a tasha shi ne, a nan ba a raba wa kowa daga ƙunshi ɗaya. Kowane ɗan wasa shi ke haɗa nasa tun daga gida, ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari. Yaran na ce wa ƙunshin "dek". Ni dai bakina ya fi sabawa da dami, kamar damin hatsi, kuma haka na ci gaba da kiransa har su ma suka ɗauka.

Na tambayi autana inda suke samun katin. Ya ce wasu daga masu tebur na kayan wasan yara ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, wasu kuma daga Illela. Illelar Najeriya yake nufi, ta jihar Sakkwato, ba tamu ta wajen Badagishiri ba. Kaɗan ne ke zuwa daga Yamai a hannun ƴan uwa masu zuwa hutu, su ne masu rubutun Faransanci. Kusan duka jabu ne. Na ainihi yana da ɗan tambari mai walƙiya a kusurwar ƙasa ta dama, waɗannan kuwa wasu ba su da shi, wasu an buga shi da tawada kawai. A cikin labarin katun, Farin Dodo mai shuɗayen idanu guda huɗu ne kacal a duk duniya, har ma an yage ɗaya. A unguwarmu kaɗai na tabbata za a tara talatin.

Ya kuma ba ni wani labari da ya wuce a gabana ban lura ba. Bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kati ya yi wuya, talabijin ya mutu. Mu manya muna ta lissafin tsadar shinkafa da kankara, su kuwa yaran suka koma yanka kwalin sukari da na shayi suna kwafe katin junansu da biki. Na tuna na sha ganin kwalaye a yayyanke a tsakar gida ina faɗa a kan shara.

Washegari na kira yaron na ce zan mayar masa da kayansa, amma da sharaɗi: ranar Asabar da la'asar ya zo ƙofar gidana ya kara da autana a gabana, in ga abin da ya fi darasina daɗi. Ya zo tun kafin a yi kiran salla.

Sun buga sau biyar, an ci shi sau huɗu. Amma ba cin ne ya ɗaure mini kai ba. Dodonsa mai ƙarfi 3000 ya bugi na autana mai 1800, kafin in buɗe baki ya ce, "Dubu da ɗari biyu, saura maka dubu shida da ɗari takwas." Ba alli, ba ƙirga yatsu. Wannan shi ne yaron da na rubuta wa "bai iya ragewa ba" a takardar sakamako. Na yi shiru, don ban san wa zan fara tuhuma ba, shi ko ni.

Sai na tambaye shi dalilin da ya sa ake cin sa alhali shi ke da manyan dodanni. Ya ce rashin sa'a ne. Autana ya yi dariya ya ce, "Baba, daminsa ne ya yi ƙiba."

A nan ne na fara fahimtar wasan. Doka ta ce dami ba ya kasa kati 40, ba ya wuce 60, kuma kati iri ɗaya ba ya wuce uku. Nasa 63 ne, da Baƙin Boka har huɗu, wato tun daga nan ya karya doka biyu. Ana fara wasa da kati biyar a hannu, sannan a riƙa jan ɗaya kowane zagaye. Dodo mai tauraro ɗaya zuwa huɗu ana ajiye shi a fili kai tsaye, guda ɗaya a zagaye. Mai tauraro biyar ko shida sai ka ba da ƙaramin dodo guda da ke fili kafin ka sauko da shi. Mai bakwai zuwa sama sai ka ba da biyu. Farin Dodo tauraro takwas gare shi. Wato in ka ja shi a hannun farko ba ka da ƙanana, to ka riƙe sarki ne ba dogarai, yana zaune a hannunka ana ta dukanka. Yaron bai ɗauki wannan da muhimmanci ba, domin a farkon katun ɗin da ya kalla jarumai na sauko da manyan dodanni ba tare da sun ba da komi ba. Talabijin ya koya masa wasa guda, dokar kati ta zo da wani.

Muka baje damin a tabarma muka kasa shi kashi-kashi. Bayan mun cire uku da suka wuce ƙa'ida, a cikin sittin ɗin ƙananan dodanni goma ne kawai. Sauran duk manya ne da katin sihirin da ya zaɓa don kyan hoto. Shi a ganinsa jerin da ya roƙe ni kada in cuɗa shi ne daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, kamar yadda ake jera ƴan kokawa.

Ban yi masa wa'azi ba, na gaji da wa'azin da ba ya shiga. Na ɗauko sabon kaye na ba shi na ce, cuɗa damin, ja biyar, in babu ƙaramin dodo ko ɗaya ka ja sanda a shafin hagu, in akwai ka ja a na dama. Maimaita sau hamsin. Ya yi har aka kira magariba. Hagu ta tashi da sanda 21. Na ce, in cikin hamsin 21 ne, cikin ɗari fa? Ya ɗan dubi sama ya ce 42. Na ce to abin da ake ce wa kashi 42 cikin ɗari ke nan, darasin da muka yi sati uku da suka wuce ka ci sifiri. Ya ce, "Mushe, wancan na shanu ne da awaki." Gaskiyarsa, misalin littafin na wani makiyayi ne da garkensa.

Ni ma da dare na zauna na bi lissafin da alƙalami, don in san ko sandunansa sun faɗi gaskiya. Ba shi da wuya. Damar katin farko ya zama ba ƙarami ba ita ce 50 cikin 60, na biyu 49 cikin 59, haka har na biyar 46 cikin 56. In ka ninka su duka za ka samu kusan kashi 39 cikin ɗari. Wato wasa biyu cikin biyar an ci shi tun kafin ya ajiye kati. In kuwa dami ya koma 40 da ƙanana 16, wannan mugun hannu ba ya kai kashi 7. Haka nan katin da kake da shi guda uku, damar ka gan shi a hannun farko kusan kashi 34 ce a dami mai 40, amma a mai 60 sai ta sauko 23. Shi ya sa ƙwararrun ƴan wasa galibi ke tsayawa a 40 ko kusa da haka. Akwai ma wani dodo, Exodia, da aka raba gida biyar, wanda ya haɗa biyar ɗin a hannu ya ci wasa nan take. Yaran unguwa na ta mafarkin jan su tun a hannun farko. Na lissafa musu, a dami mai 40 sau ɗaya ne cikin 658,008. Wani ya ce to ai akwai sau ɗayan.

Yanzu sai aikin ragewa, kuma nan ne aka yi rigima. Cire kati 20 daga hannun yaron da ya tara su ɗaya bayan ɗaya da kuɗin karin kumallonsa ba ƙaramin abu ba ne. Kowanne da tarihinsa. Wannan ya samo shi ne da musayar ƙwallon roba, wancan yayansa ya kawo masa daga Sakkwato. Mun shafe hutun ƙarshen Disamba a kan wannan.

Baƙin Boka ne ya fara tafiya. Shi ne katin jarumin labarin, kowane yaro na son sa. Ƙarfinsa 2500, taurarinsa bakwai, sai an ba da biyu. Amma a cikin tarkacen da yaron ya raina akwai wani dodo mai siffar ƙwarangwal, shi ma 2500, taurari shida, guda ɗaya kawai ake bayarwa. Na ajiye su gefe da gefe ban ce uffan ba. Ya daɗe yana dubansu, sannan ya ture Bokan gefe da yatsa ɗaya kamar mai ture abincin da yake so ranar azumi. Daga nan ya gane hanyar, ya fara tambayar kowane kati abin da yake ci da abin da yake bayarwa. Ya gano wani ɗan ƙwaro mai ƙarfi 450 kacal, wanda in an kife shi abokin wasa ya buge shi, sai ya hallaka dodo guda komi girmansa. Da wannan ƙwaron autana ya yi ta kashe masa Farin Dodo. Ya yi musayar Boka biyu da ƙwaro biyu, ƴan unguwa suka ce ya haukace.

A kan Farin Dodo muka saɓa. Na ce ya bar ɗaya, lissafi ya nuna ɗaya ya isa. Ya ce biyu. Na sake jawo masa lambobi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mushe, in na bar ɗaya, damin ya zama naka, ba nawa ba." Na ƙyale shi da biyunsa. Har yau ina ganin ɗaya ya fi, amma ba ni ke riƙe katin ba.

Da ya sake gwajin hamsin da sabon damin, hagu ta tashi da sanda huɗu. Sai ya ƙirƙiro wata dabara da ba ni na koya masa ba. Bayan kowane wasa yakan rubuta sunan katin da ya zauna masa a hannu bai yi amfani ba. Wanda sunansa ya fito sau uku, ya fita, wani ya shigo. Ya ware wasu ƴan kati a gefe da yake sakawa in zai kara da mai yawan tarko, ashe ma doka ta yarda da hakan har guda 15. Rigingimun wasa kuma suka tilasta masa karatu, domin duk gardama a kan rubutun kati take ƙarewa. Ranar da ya kayar da autana a kan bambancin "peut" da "doit", wato abin da kake iya yi da abin da ya zama dole, na tuna sau nawa na rubuta waɗannan kalmomi biyu a tablo yana kallon taga. Na jabu masu Ingilishi kuwa, wani abokina da ke koyar da harshen a kwaleji ya duba ɗaya ya ce wannan ko a Landan sai an nemi tafinta.

Abin ya taɓa ni ta wani gefen. A makarantar horon malamai ta Tawa an koya mana shirya takardar darasi da manufa guda. Da shekaru suka tafi, tawa ta zama dami mai 63. Kowane taron ƙara wa juna sani na dawo da sabon abu na cusa, ban taɓa cire komi ba, ga yara saba'in da ɗoriya a gabana da minti arba'in da biyar. Na koma na ɗauki jan biki na bi takardun lissafina na zango na biyu. Ban ji daɗin yawan abin da na soke ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na zo ina ce muku ku saya wa yaranku kati. Bai tsaya nan ba.

A watan Janairu uwar yaron ta aiko ƙanwarta wurin maiɗakina. Ƙosai take soyawa da safe, kuma sau uku tana neman dala ɗari a gwangwanin ciniki ba ta gani ba. Na tsare shi, bai yi musu ba. Ashe a bayan makaranta ba wasan banza suke yi ba, da "ci" suke yi: wanda ya yi nasara ya zari kati ɗaya daga damin wanda aka kayar. Lokacin da ake ta cin sa ya yi asarar kati da yawa, shi ne ya riƙa ɗaukar kuɗin yana sayen sababbin ƙunshi don ya mayar da gurbi. Zargina na ranar farko ashe bai faɗi ƙasa duka ba.

Ina so iyaye su lura da wannan wuri, don caca biyu ce a ciki, kuma ta biyun ta fi ɓoyuwa. Ta farko ita ce cin kati, wadda ba ta cikin dokar wasan, yara ne suka ƙara ta. Ta biyu tana cikin yadda ake sayar da katin kansa. Ƙunshin a rufe yake, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan babban dodo, galibi ka samu tarkace, sai ka ƙara saye. Yaron da ya saba da wannan bugun zuciyar na yage leda yana shekara goma sha biyu, ba shi da nisa da shagunan cacar ƙwallo da muke gani matasa na cika. Ba mu kaɗai muka damu ba, a 2001 malaman Saudiyya sun haramta Pokémon, wani wasan kati na Japan, kuma caca na cikin dalilan da suka bayar. Wasan ma yanzu ya shiga wayar salula, inda ake sayen ƙunshin da kuɗi ba tare da an taka kasuwa ba.

Uban yaron ya zo da kansa bayan sallar isha'i. Manomin rani ne a fadamar Ƙonni, albasa da alkama, mutum mai kunya da tsare salla. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na ba ka yaro ka koya masa boko, sai na ji a ƙofar gidanka ake buga karta." Ya ce ya yanke shawara, zai cire shi ya tura shi Galmi wurin ƙanensa mai harkar lodin albasa, ko banza ya koyi neman na kansa.

Na ce, "Alhaji, kana da gaskiya a kan kuɗin, kuma laifina ne da ban bincika ba." Sannan na ɗauko kayen na buɗe masa, shafin sanduna, shafin kashi cikin ɗari, sunayen kati da Faransanci a jere da kwanan wata a saman kowane shafi. Bai yi boko ba, amma mutumin da ke lissafin buhu da kuɗin taki da na ban ruwa ba a yi masa bayanin lamba sau biyu. Ya ce, "Shi ya rubuta wannan?" Na ce shi ne.

Sai ya karɓi damin yana dubawa ɗaya bayan ɗaya a hasken fitila. Ya ga ƙwarangwal, ya ga masu ƙaho, ya tambayi sunan wurin da ake ajiye katin da aka kashe, autana ya ce maƙabarta. Ya tsaya a kan wani koren dodo mai fitowa daga fitila, ya ce a karanta masa sunan. Sunansa La Jinn. Ya ajiye katin a hankali ya ce, "Malam, har aljani da sunansa, a cikin ɗakin da nake salla?"

Ban yi masa gardama ba. Ni malamin lissafi da Faransanci ne, ba mai fatawa ba, kuma gidansa ne. Zan iya ce masa takarda ce da tawada, amma na san abin da zai ce, ita ma laya takarda ce da tawada. Muna cikin shiru sai yaron, wanda ke rakuɓe a bakin zaure tun ɗazu, ya ce, "Baba, in babu hoton fa?"

Dabarar kwalin sukari ce ta 2023 ta dawo. Wasan ba ya bukatar hoto, suna da taurari da lambobi da rubutu kawai yake bukata. Uban ya yi tunani ya ce in lamba ce da rubutu, ba kuɗi, ba cin na wani, ba a lokacin salla ba, to ya ji. Muka ƙara da cewa ba sauran sayen ƙunshi a rufe, sai dai musaya a fili kowa na ganin abin da zai karɓa. Kuɗin uwarsa, jaka ɗaya da rabi, zai biya da aikin ban ruwa ranar Lahadi. Katin masu hoto za su zauna a durowata har sakamakon jarrabawa ya fito. Maganar Galmi kuma aka ce a bari a gani, ba a ce an fasa ba.

Kwana tara ya yi yana kwafar kati arba'in a kan kwali. Waɗanda ke da Ingilishi autana ya faɗa masa ma'anarsu ya rubuta da Faransanci, wasu ma da Hausa. Na gyara masa kurakurai, ya sake kwafe goma sha ɗaya ba tare da na ce ya sake ba, don ya ce kati mai gogewa abokin wasa zai gane shi ta baya. Tun da ya shiga lakwal bai taɓa rubutu mai yawan wannan ba.

A ƙarshen Fabrairu muka yi ƴar gasa a gindin dogon yaron ƙofar gidana, yara takwas, kowa da dami 40, ladan wanda ya ci kaye biyu da biki. Ƴan mata biyu na ajina sun so shiga, amma la'asar lokacin tallarsu ne, abin da ya kamata in yi tunaninsa tun kafin in sa lokaci. Yaron ya kai wasan ƙarshe da damin kwalinsa, ya ci na farko, aka ci shi biyu a jere. A na ƙarshen Farin Dodo biyun ne suka zo masa hannu tare, suka zauna har aka gama da shi. Ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce komi. Da ya buɗe kayensa ya rubuta sunan, na ga wannan ne karo na biyu.

Da aka fara cirar albasa a watan Maris uban ya tura shi Galmi, ya ce hannu ya yi ƙaranci, na sati biyu ne. Sati biyar ya yi. Ya dawo ya rame, ya yi baƙi, an wuce shi da darussa da yawa, kuma jarrabawa saura sati uku yanzu da nake wannan rubutu. A lissafi ba na jin tsoro. A shifta ne nake jin tsoro, kuma uban bai sake ta da maganar shekara mai zuwa ba, ni ma ban tayar ba.

Jiya bayan an tashi ya tsaya a bakin tebur. Na zaci katinsa zai roƙa. Ya ce a'a, ruwa ne ya jiƙa masa kwali ɗaya a Galmi, lambar kariyar ƙwarangwal ta goge, yana so ya duba. Na buɗe durowa na miƙa masa. Ya kwance robar, ya zaro katin ba tare da ya nema ba, ya rubuta 1200 a tafin hannunsa da biki, ya mayar da shi gurbinsa, ya ɗaure, ya miƙo mini.